DUKAN DA BA YA BARIN TABO: INA LITTATTAFANMU SUKA AJIYE SHI?

 Yau ba labari na kawo muku ba, ƙorafi na kawo, kuma ƙorafin a kanmu ne mu marubuta, har da ni mai wannan rubutu. Idan na taka wani ko wata a yi mini afuwa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya jawo wannan rubutu ya faru ne a Magama, bakin iyakar Jibiya, 'yan watanni bayan an sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Ina kan hanyar zuwa Maraɗi sunan ɗiyar wata 'yar uwata. Wanda bai san yankinmu ba zai ce ƙasar waje za ni, amma mu a wajenmu Maraɗi gida ce. Tun bayan jihadi da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma can suka kafa garin, zumunci bai yanke ba. Ana auro mata daga can, ana kai namu can, da wuya ki sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a tsallake.

Muna zaune cikin mota ana duba takardu da kaya, rana ta take, sai wata yarinya da ke kusa da ni, da goyonta, ta hango littattafai a jakata. Ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba. Ta ce ita ma tana karantawa, duk da makarantar da ta ɗan yi ta Faransanci ce, da kanta ta koyi haɗa baƙin Hausa. Da ta gane ni ce na rubuta ɗaya daga ciki sai ta gyara zama ta ce, "Tanti, don Allah ina da tambaya. Mi ya sa cikin littattafanku duk mijin da ke wulaƙanta matarshi, daga ƙarshe sai ya dawo yana sonta kamar ya mutu? Ni yau shekara shida ke nan ina jiran nawa ƙarshen."

Wallahi na yi dariya da farko, na ɗauka raha ce. Da na dubi idonta sai dariyar ta tsaya mini.

Daga wani ƙauye take bayan Ɗan Isa, aka auro ta wannan ɓangaren. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Ta ce mijinta bai taɓa ɗaga hannu ya doke ta ba, ko sau ɗaya. Amma sai ya yi sati uku bai ce mata uffan ba, alhali suna kwana ɗaki ɗaya. Kuɗin cefane a bakin taga yake ajiyewa, ko ya ba ƙanensa ya miƙa mata. Ta yi girki ta kai masa, ya tsallake kwanon ya je ya ci a ɗakin uwarsa, da safe ta ɗauki abinta ya yi tsami. In abokansa suka zo ta fito gaishe su sai ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, baƙauyar tsallake ce." Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar, uwar mijin ta dube ta a tsakar gida ta ce, "To, yanzu sai mu ga ta inda za a yi yaji." Kowa ya san akwai hanyoyin daji, amma kuɗin mashin ya ninka, ga tsoron 'yan bindiga, ga goyo.

Na ce da ita, ba ki taɓa kai ƙara gida ba? Ta ce sau biyu. Baffanta ya yi mata tambaya uku. Ya doke ki? A'a. Ya hana ki abinci? A'a. Ya hana ki sutura? A'a. Sai ya ce to tashi ki koma, ke ce ba ki da godiyar Allah.

'Yar uwa mai karatu, na san kin san waɗannan tambayoyi uku. Wataƙila an yi miki su, ko kin ji an yi wa yayarki. Su ne ma'aunin da muke auna zaman aure da shi, duk abin da bai hau wannan ma'auni ba sunansa rashin haƙuri. Abin mamaki kuwa shi ne, Hausa ba ta rasa sunayen wannan cuta ba. Muna da gori, da habaici, da kyara, da tsangwama, da cin fuska, da muzantawa, da gaba, da shariya, da baƙar magana. Kakanninmu sun san abin tunda har suka raɗa masa sunaye haka da yawa. Sai dai mun ƙi mu lissafa shi cikin cuta, saboda ba ya fitar da jini, ba a kuma kai mai shi asibiti.

A binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, an tambayi matan da suka taɓa aure ko mijinsu ya taɓa kunyata su a gaban mutane, ko ya yi musu barazana, ko ya zage su har suka raina kansu. Kashi 32 cikin ɗari suka ce an yi musu. Waɗanda suka ce an doke su kashi 19 ne. Wato dukan baki ya fi dukan hannu yawa nesa ba kusa ba, kusan mace ɗaya cikin uku. Waɗannan kuwa su ne suka yarda suka faɗa wa baƙuwa mai takarda da biro. To mu da muke cewa rayuwar mata muke rubutawa, ina muka ajiye wannan mace ɗaya cikin uku?

RABI DA ABU

Gaskiya ɗaya ce, akwai wadda ta riga mu gani. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, tun ban san hannun damana ba. Wadda ta karanta za ta tuna Rabi matar Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara. Alhaji yana da rumfa a kasuwa, yana da abin hannunsa, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai ko'ina, Rabi ce ke ƙoƙarin cike gurbi. Kuɗin da ya hana gida shi ya kwasa ya kai wajen Delu, matar bariki, ya auro ta. Da rigima ta tashi tsakanin matan sai ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da ya fi tsaya mini a wannan littafi ba korar ba ce, shekarun da suka gabace ta ne, yadda mace za ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidan mutum amma kullum ana nuna mata ita ba kowa ba ce. Hajiya Balaraba ba ta yi wa abin ado ba. Ta rubuta shi da lissafin kuɗin cefane da kukan yara, yadda duk matar aure za ta ce wannan gidanmu ne ko gidan maƙwabta. Ba banza ba aka mai da shi fim, kuma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Malam Aliyu Kamal ya yi.

Lokacin da na fara karanta shi ina 'yar sakandare, ƙarshensa ya ba ni haushi ƙwarai. Rabi ta tsaya da ƙafarta, tana sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta, sai ga Alhaji ya dawo ba shi da ko sisi, mazan danginta suka taru suka matsa mata ta karɓe shi. Na ce wannan wane irin zalunci ne marubuciya ta yi wa Rabi? Yanzu da na girma na yi aure na ga duniya, sai na gane nan ne littafin ya fi faɗin gaskiya. Waɗanda suka mai da Rabi su ne baffan yarinyar nan ta Magama. Marubuciyar ba ta ce daidai suka yi ba, ta dai nuna mana yadda ake yi, ta bar mu da ɗacin a baki.

Amma ina da magana a kan littafin, duk da girman da nake ba mai shi. Wa ya rama wa Rabi? Gobara. Wuta ce ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa, sannan idonsa ya buɗe. Wa ya share mata hawaye? Auren da 'yarta Saudatu ta yi da mai kuɗi. Na yarda alhaki yana bin mai shi, wannan imaninmu ne. Sai dai mu da muka biyo baya mun ɗauki gobarar mun mai da ita doka. Duk mugun miji a littattafanmu sai ya yi haɗarin mota, ko ya karye a kasuwa, ko amarya ta gudu da kuɗinsa. Mai karatu da ke cikin irin wannan hali sai ta koyi abu ɗaya, wato ta zauna ta jira gobara. Alhali kuwa sau da yawa kasuwa ba ta ƙonewa. Mutumin yana nan da ƙibarsa, yana sahun gaba a masallaci, ita kuwa tana ramewa ana cewa aljanu ne.

Shi ya sa a wajena Wa Zai Auri Jahila?, wanda shi ma ya fito a 1990, ya fi ba mace abin riƙewa. An cire Abu daga makaranta, ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an ubanta. Kalmar jahila da aka jefe ta da ita ta yi mata ciwo, kuma ita ce ta zame mata tsani, ta gudu Kano ta nemi ilmi har ta zama abin nema. Ba wuta ce ta cece ta ba, ƙoƙarinta ne. Amma ki lura da abu ɗaya, Abu tana da gwaggo a birni da ta buɗe mata ƙofa. Da babu wannan ƙofa ina za ta? Hajiya Balaraba ta san abin da take rubutawa, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama ƙwarai, ga shi kuwa ƙanwar marigayi Janar Murtala ce. In haka ta sami 'yar babban gida, ina ga marainiya daga ƙauye?

MISKILI

Yanzu bari in zo kan laifinmu. Akwai wani mutum da muka ƙirƙira, muka yi masa wanka muka fesa masa turare, muka sa 'yan mata suna mafarkinsa. Sunansa miskili. Kun san shi. Dogo ne, fari, ɗan sarauta ko ɗan attajiri, ya yi karatu a Ingila, ba ya dariya, magana ma sai ya ga dama. Iyaye suka haɗa shi aure da 'yar ƙauye, ko marainiya, ko 'yar aikin gidansu. Daren farko ya ce mata kada ta kuskura ta taka ɗakinsa. Ya kira ta ƙazama. Ya zubar da girkinta. Ya kawo budurwarsa har gida ya sa ta kawo musu lemo. Haka za a yi ta tafiya littafi na ɗaya, na biyu, har tsakiyar na uku, ita kuwa tana kuka a ɓoye tana ƙara gyara jiki da koyon girki. Can sai ya ganta ta yi kwalliya a wani biki, ko ya ga wani yana sonta, kishi ya kama shi, ya kwanta ciwo, likita ya ce zuciyarsa ce. Shi ke nan sai a tafi Umara a dawo da ciki.

Ni ma na rubuta shi. Littafina na biyu kacokan a kansa na gina shi, kuma shi ne ya fi duk littattafaina ciniki, da kuɗinsa na buga na uku. Har yau ina da saƙonnin da 'yan mata suka aiko mini suna cewa Allah ya ba su miji irinsa. Da can ina jin daɗin saƙonnin. Tun ranar da na zauna kusa da yarinyar nan ban ƙara iya buɗe su ba. Domin duk abin da mijinta yake yi mata, gaba, tsallake kwano, kunyatarwa a gaban abokai, babu wanda jarumina bai yi ba. Bambancin kawai shi ne ni na san a shafi na nawa zai daina, ita kuwa ba wanda ya rubuta mata shafin.

Ki yi wa kanki wannan gwaji. Ki ɗauki miskilin da ya fi burge ki, ki cire masa mota, ki cire gidan bene da sarautar ubansa, ki mai da shi ɗan dako a tashar Magama, ki bar masa halinsa yadda yake. Me za ki kira shi? Mugu, ko mara mutunci. Ashe ba halin muke so ba, gidan da ya fito ne yake wanke masa hali. Mun koya wa masu karatu cewa wulaƙancin mai kuɗi aji ne, na talaka kuwa rashin tarbiyya. Kuma kullum muna nemo masa uzuri, uwarsa ce ta rasu yana yaro, ko wata ce ta yaudare shi a makaranta, don mai karatu ta tausaya masa ta manta da wadda ake cuta.

Sannan ki duba wadda muke ba shi. Me ya sa ba ma haɗa miskili da 'yar gwamna mai yayye maza biyar? Saboda mun san labarin ba zai kai shafi ashirin ba, ranar da ya zubar da girkinta ranar za a zo da mota a ɗauke ta. Muna zaɓar marainiya ne don mun san ba ta da wurin zuwa. Wato a zuciyarmu mun san gaskiyar lamarin, mai wulaƙanci yana duba bayan mace kafin ya fara. Mun san haka, muka yi amfani da shi don labari ya yi tsawo, ba mu taɓa tsayawa mun ce wa mai karatu wannan fa zalunci ne ba.

Littattafan soyayya na farko sun yi faɗa da bambancin asali, ba a musu. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, a kan auren da dangi ba sa so ne saboda bambancin jinsi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna yadda aka raba Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad don shi talaka ne. Amma yawancinmu da muka bi sahunsu muna ɗaukar asali kamar katanga ce a bakin ƙofar aure, da an tsallake shi ke nan. Ba mu cika shiga ɗakin bayan shekara biyar mu ji yadda ake cewa "da me aka kawo ki?" ko "gidanku wa ya taɓa hawa jirgi?" ba. Gorin kayan ɗaki kaɗai ya ishi littafi guda.

A yau da littattafai suka koma cikin waya, ana tura su shafi shafi a WhatsApp da Wattpad, miskili ya ƙara ƙarfi, har da mari da kulle ƙofa, ana kiran abin zafin so. Tun shekarun 1990 da Malam Ibrahim Malumfashi ya kira rubutunmu Adabin Kasuwar Kano ake ta muhawara a kanmu, har a 2007 aka tara littattafai aka ƙona a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Abin da aka fi zarginmu da shi shi ne koya wa 'yan mata soyayya da bijire wa iyaye. Ni kuwa a ganina babban laifinmu yana wani wurin. Mun koya musu cewa wanda ya raina ki yau gobe zai so ki, in dai kin iya jira.

ABIN DA YARO YA GANI

Na tambayi yarinyar nan yaya uban mijinta yake da uwar mijin. Ta ce ai tsohon ya rasu, amma matan gidan sun ba ta labari, shekara da shekaru bai kira matarsa da suna ba sai "ke", kuma in ya yi fushi sai ya yi wata bai ci tuwonta ba. Kin ji. Yaron da ya tashi yana ganin haka, a wajensa haka maigida yake. Uwar da aka yi wa haka kuwa, maimakon ta tausaya wa surukarta, sai ta ce ni da na sha wa ya cece ni? Binciken nan na 2018 ya nuna matan da suka ce ubansu yana dukan uwarsu sun fi sauran faɗawa hannun miji mai cutarwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar da ta ga uwarta tana haɗiye baƙar magana da murmushi, in aka yi mata ba za ta ga abin kai ƙara ba.

Amma kada a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe a rufe magana. Karin magana ba aya ba ce. Na san mazan da suka tashi a gidan kyara suka rantse ba za su yi wa matansu ba, kuma suka cika. Irin wannan namiji shi ya kamata ya zama jarumi a littattafanmu, wanda yake kokawa da halin da ya gada. Ban taɓa rubuta shi ba, kuma ban cika cin karo da shi a rubutun wasu ba.

MU MA MUNA YI

Kada maza su ce an haɗa musu kai. Cutar baki ba ta san namiji ko mace ba. A littattafanmu mun iya zana muguwar kishiya da muguwar uwar miji, amma kullum da boka da laya muke haɗa su, kamar sai da asiri mace take cuta. Harshe kaɗai ya isa. Kuma akwai wanda ba mu taɓa tausaya wa ba, wato mijin da matarsa take gasa wa magana.

Mu a Jibiya mun ga wannan da idonmu. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, aka kuma hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, tamu ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. Direbobi, 'yan dako, masu sayar da abinci a tasha, 'yan canji, duk suka zauna. Akwai maƙwabcinmu da ya sayar da motarsa ya ci, matarsa kuwa 'yar gidan masu hali ce, daga gidansu ake aiko da hatsi. Kullum ta katanga muna jin ta, "Namiji har namiji, sai dai a ci a miƙe ƙafa." A gaban 'ya'yansa take faɗa. Mutumin nan ya koma ba ya shiga gida sai kowa ya yi barci. Wa zai kai wa ƙara? Namiji ba ya yaji. In ya faɗa a majalisa a yi masa dariya a ce mijin tace. A fim da littafi ma abin dariya muka mai da shi.

Duk da haka ba zan ce nauyin ɗaya ne ba. Namiji yana da ƙofar fita, yana da majalisa da kasuwa, saki yana hannunsa, yana iya ƙaro wata. Macen da ke cikin kulle, a garin da ba nata ba, wanda yake cutar da ita shi ne kuma wanda za ta nemi izninsa kafin ta fita ta faɗa wa wani.

HAƘURI DA HAKKI

Za a ce mini addini ya ce a yi haƙuri. Gaskiya ne, mahaƙurci mawadaci. Amma addinin bai tsaya nan ba. A Islamiyya aka karantar da mu dalilin saukar farkon Suratul Mujadala. Khaulatu 'yar Sa'alaba mijinta bai doke ta ba, magana ya faɗa mata irin ta jahiliyya, ya haramta ta ga kansa ya bar ta a rataye bayan ta tsufa a gidansa. Ta kai kuka wajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, Allah kuma ya ji kukanta ya saukar da hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya, malaman da suka yi sharhin Mukhtasar na Khalil sun lissafa zagin mace, da zagin ubanta, da ƙaurace mata ba da dalilin shari'a ba, cikin cutarwar da za ta iya kai wa alƙali har ya raba auren in ta tabbata. Ko a dokar ƙasa, dokar hana cin zarafin jama'a da aka sa wa hannu a Abuja a 2015 ta sanya cutarwa ta baki da ta zuciya cikin laifuffuka, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai naira 200,000, yawancin jihohi kuma suna da tasu. Tambayoyi ukun baffa ba daga littafi ya ɗauko su ba, al'ada ce kawai.

Ba ina zuga kowa ta kashe aurenta ba ne, Allah ya kiyaye. Zaman tare dole a saɓa, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Miji ya yi fushi kwana ɗaya ya sauko, wannan zaman duniya ne. Abin da nake nufi shi ne wanda ya zama sana'a, wanda za ki wayi gari kin daina ganin kanki a bakin komai, kina jin takunsa gabanki ya faɗi. Idan kin kai nan, ki faɗa wa wanda zai ji, waliyyinki, ko malamar Islamiyyarku, ko wani dattijo da mijin yake jin nauyinsa, in ta kama har gaban alƙali. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta zo, ku ƙara tambaya ta huɗu, yana yi miki magana irin ta mutane? Ku da kuke aurar da 'ya'ya tsallaken iyaka, ku riƙa leƙa su, ko da waya ce. Mijin da ya san ana zuwa ba ya yin abin da wanda ya san ba mai zuwa yake yi.

'Yan uwana marubuta, ban ce mu daina rubuta soyayya ba, da ita muke ci. Amma in mun zana mai wulaƙanci mu kira shi da sunansa. In zai tuba, ya tuba don ya gane ya yi zalunci, ba don ta yi fari ta yi ƙiba ba. Mu bar gobara ta huta, mu nuna mace tana buɗe baki, da dangin da suke tsaya mata. Na faɗa wa mai shagon da yake karɓar littattafaina a Kano cewa sabon da nake rubutawa babu miskili a ciki, ya ce to in rage yawan da zan buga, don kada in yi asara. Wataƙila gaskiyarsa ne, kuɗin adashina ne zan zuba. Zan dai buga.

A Ɗan Isa yarinyar ta sauka. Ta ce kwana uku aka ba ta, ta gaida tsohuwarta ta koma. Na miƙa mata littafi ɗaya kyauta, sai da ta karɓa na tuna wanne ne, na ce ta ba ni in canza mata. Ta yi dariya ta ce, "Bar shi Tanti, ai na karanta shi sau uku." Har motar ta tashi ban ba ta amsar tambayarta ba. Idan wannan ɗan littafi ya tsallaka ya iske ta, ko wata ta karanta mata, to amsar ke nan. Ni na ƙaga wancan ƙarshen a ɗakina da biro, kada ki jira shi, ki koma wajen baffa da wani babba ki sake faɗa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya kare mu daga cutar da wani da harshenmu, ya ba 'yan matanmu mazaje masu tausayi. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mini.

Wassalam. Taku har kullum.